Yadda ake yanka doguwar kalmar Holanci gaɓa-gaɓa a furta ta daidai

Duk wanda ya zauna a ƙasar Holan ko arewacin Beljiyam ya san wannan yanayi. Wasiƙa ta faɗo ta kafar da ke jikin ƙofa, ka farke ambulan, idonka ya sauka a kan wata kalma doguwa kamar jirgin ƙasa, babu ko sarari a cikinta da za ka tsaya ka ja numfashi. Wadda baƙo ya fi cin karo da ita tun makonninsa na farko ita ce verblijfsvergunning, wato takardar izinin zama, wadda a Holan hukumar shige da fice ta IND ke bayarwa. Harufa 19 ne a jere. Na sha ganin 'yan'uwanmu suna kauce mata, su ce "katin nan" ko su nuna da yatsa, alhali zamansu gaba ɗaya a kanta ya rataya. Abin yana damuna, don kalmar ba ta kai yadda ake tsoronta ba. Gaɓa biyar ce kacal, kuma yawancin sautukan da ke cikinta suna bakin Bahaushe tun yana yaro.

Ka samu biro da takarda, ka ajiye wayarka kusa don naɗar murya. Ka rubuta kalmar da manyan harufa, ka bar ɗan fili tsakaninsu.

Mataki na farko: fara daga wutsiya

Mu a Hausa, abin da ake magana a kai shi ke zuwa gaba, bayaninsa ya biyo baya: ɗakin girki, kuɗin mota, gidan sauro. Holanci ya juya wannan tsari, sannan ya manne kalmomin wuri ɗaya. Asibiti a wurinsu ziekenhuis ne: huis gida, zieken marasa lafiya. Gidan marasa lafiya ke nan, amma gidan ne a ƙarshe. Saboda haka wanda ya fara karatu daga harafin farko yana ƙoƙarin ganewa, ya kama macijin ta inda bai dace ba.

Ka ɗora babban yatsanka a kan goshin kalmar ka rufe shi, ka riƙa ja baya a hankali har ka ga wata kalma da ke iya tsayawa da ƙafarta. A tamu, abin da zai fito shi ne vergunning, wato izini ko lasisi. Za ka sake haɗuwa da ita a werkvergunning, izinin aiki, da parkeervergunning, izinin ajiye mota. Abin da ya rage a ƙarƙashin yatsanka shi ne verblijfs. Ka cire s ɗin ƙarshe tukuna, ka samu verblijf, wato zama ko masauki, daga aikatau blijven, tsayawa a wuri. Ka ja layi a tsaye bayan s ɗin: verblijfs | vergunning.

Ribar farawa daga baya biyu ce. Ka san ma'anar, kuma ka san ko de za ka sa a gabanta ko het, ƙananan kalmomin da ke zuwa gaban suna kamar "the" a Turanci, domin kalmar ƙarshe ita ke da wannan hukunci. Ana cewa het verblijf, amma de vergunning, saboda haka de verblijfsvergunning.

Mataki na biyu: girmama ɗinkin

Wannan layin da ka ja shi ne doka mafi ƙarfi a duk aikin. Kowace ƙa'idar yanka gaɓa da za ta zo nan gaba tana aiki ne a cikin kowane ɓangare daban, ba ta tsallaka ɗinkin.

Shi s ɗin nan da muka cire, mahaɗi ne, aikinsa kusan ɗaya da -n da -r na Hausa a "takardar izinin zama". Kamar yadda n na "gidan" yake manne da gida, ba ya tsallakawa ya hau kan sauro, haka s yake bin ɓangaren farko. Blijfs ne, sannan ver. Ba a cewa blijf, sannan sver. Wani lokaci mahaɗin en ne, kamar a fietsenstalling, wurin ajiye kekuna, ko pannenkoek, wainarsu mai faɗi, wadda kafin gyaran ƙa'idar rubutu na 1995 ake rubutawa pannekoek. A baki, mafi yawan mutane ba sa furta n ɗin nan. Wasu kalmomin kuma ba su da mahaɗi ko kaɗan.

Ga dalilin da ya sa nake nanata maganar ɗinki. Akwai wata kalma da za ka gani kullum a bakin titi: bushalte. Idon Bahaushe yana ganin sh a tsakiya, baki ya ce "bu-shalte". Babu sh a wurin. Bus ne da halte, wurin tsayawar bas: bus-hal-te, s daban, h daban. Haka huisarts, likitan iyali da kowa ke fara zuwa wurinsa kafin asibiti: huis-arts ne, s ɗin na gidan ne, ba ya hawa kan a. Ka ɗan tsaya a tsakani kamar yadda kake yi a "sana'a". Kuma ts ɗin ƙarshenta, da na fiets, wato keke, ba irin namu na "tsaro" ba ne mai tunkuɗo iska daga maƙogwaro. T ne sak, s ya biyo shi.

Akwai ma kalmomin da matsar da layin ke sauya ma'ana ɗungurungum. Dijkramp in ka yanka ta dij-kramp, ɗaurewar jijiyar cinya ce. In ka yanka ta dijk-ramp, bala'in ɓallewar madatsar ruwa ne, wanda ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata ke ƙasa da matakin teku, kuma ambaliyar 1953 ta hallaka mutum sama da 1,800 a cikinta. Harufa ɗaya, jeri ɗaya, ɗinki ne kawai ya raba.

Idan ɓangaren farko ya ƙare da wasali, na biyun ya fara da wasali, har ana tsoron mai karatu ya haɗa su ya yi sauti ɗaya, su da kansu suke sa maka karan-ɗori: auto-ongeluk, haɗarin mota. Inda babu wannan tsoro ba sa sawa, kamar geboorteakte, takardar haihuwa, wadda ake yankawa ge-boor-te-ak-te.

Mataki na uku: ƙirga wasula, yanka gaɓoɓi

Kowace gaɓa tana da wasali ɗaya, saboda haka ka zagaye wasulan da biro. Sai dai ka lura, wasu harufa biyu sauti ɗaya suke bayarwa: aa, ee, oo, uu, ie, oe, eu, ui, ou, au, ei, da ij. Wannan ij ɗin shi ya fi ruɗar baƙo don yana ganin j a ciki. Wasali ne, ba a raba shi, har ma in ya zo a farkon suna duka biyun ake rubutawa da manyan harufa, kamar sunan kogin IJssel. A kalmarmu za ka zagaye e, ij, e, u, i. Biyar.

Ɗafa-goshi irin su ver, be, ge da ont gaɓa ce mai zaman kanta, ka yanke ta tukuna. Ver-blijfs ya fita ke nan. A ɗaya ɓangaren, ver ta fita, saura gunning. Ƙa'idar baƙaƙen da ke tsakanin wasula ba ta da wuya: in baƙi ɗaya ne, ya bi gaɓar gaba, kamar lo-pen, tafiya. In biyu ne, yawanci a raba musu ɗaya-ɗaya, kamar gun-ning. Ch kuwa ba a rabawa don sauti ɗaya ne: la-chen, dariya.

Yanzu a takardarka akwai ver-blijfs-ver-gun-ning.

A nan ne tarkon da ya fi kama mu yake, kuma ina so ka tsaya a kansa sosai. A Hausa, baƙi biyu iri ɗaya shadda ce, ana jin ta a baki. "Mana" daban, "manna" daban, kuma bambancin yana kan n ɗin da harshe ya daɗe a kansa. Holanci ba shi da shadda. Baƙi biyu a rubuce saƙo ne game da wasalin da ke gabansu, suna gaya maka gajere ne. Dubi waɗannan biyun: manen da mannen. Manen, jam'in maan, wata na sama, ana yanka ta ma-nen. Gaɓar farko a buɗe take, don haka a ɗin dogo ne, "maanan". Mannen, maza, ana yanka ta man-nen a rubuce. Gaɓar a rufe take, a ɗin gajere ne, amma n ɗaya tak ake furtawa. Mu muna bambancewa da baƙi, su da wasali. To a gunning ma haka ne: n biyu a takarda, ɗaya a baki. In ka ɗaure shi kamar na "hannu", za a gane ka, amma kalmar za ta yi nauyi a inda bai kamata ba.

Mataki na huɗu: gano gaɓar da ake dannawa

Hausa harshe ne na karin sauti, murya ta hau ta sauka, amma kowace gaɓa tana samun haƙƙinta. Holanci ba ya raba daidai. Yana zaɓen gaɓa ɗaya ya danna ta da ƙarfi ya ɗan ja ta, ya haɗiye wasu har da ƙyar ake jin su. A harɗaɗɗen suna, dannawa mafi ƙarfi yawanci tana ɓangaren farko, ɓangare na biyu ya samu 'yar ƙarama. Ver kuwa a irin wannan wuri ba a danna ta. Saboda haka blijfs ce ke ɗaukar babban nauyi, gun ta ɗauki ƙarami: ver-BLIJFS-ver-gun-ning.

Ka buga tebur da tafin hannu a kan blijfs, ka taɓa shi da yatsa ɗaya a kan gun, sauran ukun ka bar su su wuce ba bugu. Ka yi haka sau da yawa da "ta-TAM-ta-tam-ta" kafin ka sa ainihin sautukan. Kunnen Baholande da wannan kiɗan yake gane kalma, fiye da kyawun kowane harafi. KLEINkind da nauyi a farko jika ne. Klein KIND da nauyi a baya ƙaramin yaro ne kawai. Akwai masu karya ƙa'idar, kamar stadhuis, babban zauren hukumar gari, da ake danna huis, amma ba su da yawa, da kunne ake tsintar su.

Mataki na biyar: gaɓa ɗaya bayan ɗaya

Ver. Wasalin e a nan ba e na "jefa" ba ne. Ɗan gajeren sauti ne mara launi, baki a sake, kusa da a ɗin farko na "farko" in an faɗe ta da sauri. Shi kuwa v, ba mu da shi, amma ga sauƙi: a yammacin Holan, wajen Amsterdam, mutane da yawa kusan f suke furta shi. A Beljiyam da kudancin Holan ne zizarsa ta fi fitowa. Abin da za ka gyara shi ne f ɗinka. Namu da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa yake zamewa ya koma p, a wasu garuruwan ma h. Nasu, haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Ka duba madubi ka tabbatar kana ganin haƙoranka. Wannan ba ado ba ne: fijn daɗi, pijn ciwo, kuma a gaban likita za ka buƙaci duka biyun. R kuma ka yi irin na "barka", a taƙaice. Su kansu ba su daidaita a kan r ɗaya ba, wani da harshe, wani daga maƙogwaro, duk karɓaɓɓu ne.

Blijfs. Nan aikin yake. Hausa ba ta yarda baƙi biyu su fara gaɓa, shi ya sa muka mai da kalmomin aro burodi da direba, muka cusa musu wasula. In ka bar bakinka da al'adarsa, "bilaifis" zai ce, gaɓa ɗaya ta koma uku, kiɗan kalmar ya rushe. Ga dabarar da na ga tana aiki. Ka ce "laifi". Ai ɗin da ke ciki, yadda yawancinmu ke furta shi yana karkata wajen "ei", yana kusa ƙwarai da ij. Yanzu ka yanke i ɗin ƙarshe: laif. Ka riƙe f ɗin iska na fita, kada ka saki, ka zame kai tsaye zuwa s kamar mai korar kaza: laifs. Saura b. Kafin ka buɗe leɓɓanka, ka riga ka ɗora kan harshenka a bayan haƙoran sama inda l yake. Leɓɓa a rufe, harshe a wurinsa, sannan ka buɗe. Tunda harshen ya riga ya isa, babu ƙofar da i zai shigo. Kada ka wuce wannan gaɓa sai ta zauna, ko da za ta ci maka kwana biyu.

Gun. G na Holanci ba g na "gida" ba ne, kuma shi ne sautin da Turawan wasu ƙasashe suka fi kuka da shi. Wanda ya yi makarantar allo ya riga su. Shi ne kusan خ, ha mai ruwa, wanda malam ya sha gyara maka a "khalaƙa". A arewa da yammacin Holan haka suke kartar sa a can baya, suna ce masa harde g. A Brabant da Limburg da Beljiyam suna matso da shi gaba wajen ganɗa, ya yi laushi, suna ce masa zachte g. Ka ɗauki na garin da kake. Ch ma ɗan wannan gida ne, saboda haka sch na Schiphol, filin jirgin da yawancin baƙi ke sauka, s ne da خ a jere, ba sh ba.

U ɗin kuma ba namu ba ne. Namu suna rubuta shi oe, kamar boek, littafi, da ake furtawa "buk". Na gun yana tsakanin i da u. Ka tuna yadda wani ke cewa biki, wani buki. Ka tsayar da harshenka a kan i na biki, ka ɗan zagaye leɓɓanka kamar za ka ce buki, ka fitar da shi gajere.

Ning. Wannan kyauta ce. Ka ce "nan", ka ce "can", ka saurari n ɗin ƙarshe: ba a bayan haƙora yake ba, a can baya wajen hanɗa yake, iska ta hanci. Shi ne ng nasu daidai. Ka ce "nin" da Hausarka ka yi shiru. Kada ka ƙara g, kada ka ƙara i. A jam'i ma, vergunningen, ba a jin g, ko da yake a rubuce ana yanka ta nin-gen.

Mataki na shida: haɗawa

Inda ɓangarori biyu suka haɗu, sautuka suna shafar juna. S ba shi da ziza, saboda haka v ɗin da ya biyo shi yana rasa tasa ya koma f sak, a bakin kowa, har wanda ke furta v sosai a wasu wurare. Abin da kunne ke ji shi ne "blaifs-far". Wani lokaci shafar ta baya take zuwa: a voetbal, ƙwallon ƙafa, b yana jan t ya koma d, a ji "vudbal". D kuma a ƙarshen kalma t ake furta shi, hand, hannu, "hant".

Ka gina kalmar daga baya, kamar yadda ka fara gano ta, kowane hawa sau biyar: ning, gunning, vergunning, blijfsvergunning, verblijfsvergunning. Amfanin haka, kullum bakinka yana gangarawa ne zuwa wurin da ya riga ya sani, ba ya sarewa a tsakiya. Sannan ka sa ta a jimla, don ba a faɗin kalma ita kaɗai a gaban ma'aikaci: Ik heb een verblijfsvergunning, ina da izinin zama. Ka naɗi muryarka ka saurara da abu uku a rai: gaɓa biyar ka ji ko bakwai, blijfs ce ta fi ƙarfi, kuma n ɗin gunning bai ɗaure ba?

In kana shakkar inda aka yanka wata kalma, akwai hukuma a kan haka. Holan da Beljiyam sun kafa Taalunie a 1980 don kula da harshen tare, Suriname ta shigo daga baya. Jerin kalmominsu na hukuma, wanda ake kira Groene Boekje saboda koren bangonsa, ya fara fitowa tun 1954, kuma yau yana intanet kyauta a shafin woordenlijst.org, inda ake nuna kalma a yanke da de ko het ɗinta. Amma ka fara yankawa da bironka kafin ka duba.

Gwada hannunka a kan wata

Ga ɗaya da ita ma za ta zo maka a ambulan: ziektekostenverzekering, harufa 23. Daga wutsiya, verzekering, inshora. Kafin ita kosten, kuɗin da aka kashe. Kafin shi ziekte, rashin lafiya. Inshorar kuɗin magani ke nan, ɗinki biyu: ziekte | kosten | verzekering. Wasula takwas, in ka tuna ie ɗaya ne: ziek-te-kos-ten-ver-ze-ke-ring. Babban nauyi a kan ziek, ƙanana a kan kos da ze. Ie ɗin i ne kamar na "kifi", o na kos gajere ne don gaɓar a rufe take, ring kuma ka riga ka san yadda ake rufe ta. Sai ka duba e guda biyar da ke te, ten, ver, ze da ke. A takarda kamanninsu ɗaya, amma na ze kaɗai ake ja, don shi ne a buɗaɗɗiyar gaɓa kuma a kansa nauyi ya sauka. Sauran huɗun duk ɗan gajeren sautin nan ne na ver, ka taɓa su ka wuce.